Tsohon firam mai ruwan zinariya da zanen da ke cikinsa: me za a taɓa, me za a bari?

Tambaya: Na gaji zanen fentin ruwa a kan takarda, yana cikin tsohon firam mai ado da ruwan zinariya. Gefen takardar ya yi ja, zinariyar tana ɓarewa, wani yanki na adon kusurwa ya karye. Wani mai firam ya ce a yar da tsohon a yi sabo, wani kuma ya ce a fesa masa fentin gwal ya dawo fes. Akwai kuma wani zanen na fentin mai a kan kanbas da ke girgiɗi a cikin firam ɗinsa. Na ji cewa ƙwararrun masu firam har taruka suke yi kan adana zane da tsofaffin firam. Mene ne matsayarsu a kan irin wannan, kuma ta ina zan fara?

Amsa:

Malam, shawarwarin nan biyu duk ka ajiye su gefe tukuna. Abin da ke hannunka kaya biyu ne, zane da firam, kowanne da cutarsa da maganinsa. A tarukan ƙara wa juna sani na ƙungiyoyi irin su Professional Picture Framers Association ta Amurka da Fine Art Trade Guild ta Ingila, ƙa'idar da ake ta nanatawa ita ce: duk abin da za ka yi wa zane ko firam mai daraja, ya kasance wanda na bayanka zai iya warwarewa ba tare da ya yi ɓarna ba. Fentin feshi ya faɗi wannan jarrabawa, haka ma salatif da gam mai saurin kamawa da ƙusar da aka buga ta ratsa katakon zane.

Dalilin da ya sa ba a yar da tsohon firam ya wuce sha'awa. Sau da yawa firam shaida ne a kan zanen. Hoton wani mutum mai jan rawani da Jan van Eyck ya zana, wanda ke National Gallery a Landan, a jikin firam ɗinsa na asali aka rubuta sunan mai zanen da ranar 21 ga Oktoba 1433. Da an canza firam ɗin, da kwanan watan ya tafi tare da shi. Shi kuwa babban zanen Emanuel Leutze na 1851, na George Washington, shugaban Amurka na farko, yana ƙetare kogin Delaware, firam ɗinsa na asali ya ɓata, sai da gidan tarihi na Metropolitan a New York ya sa aka sassaƙa wani daga hoton da Mathew Brady ya ɗauka a 1864, aka baje shi a 2012. Naka ba lallai ya kai wannan matsayi ba, amma tambarin mai firam ko lambar gwanjo ko rubutun fensir da ke bayansa na iya zama kaɗai abin da zai faɗi shekarun zanen da hannuwan da ya bi.

Saboda haka aikin farko na kyamara ne. A ɗauki gaba da baya da kowace kusurwa da kowane rubutu, sannan a haska fitila ta gefe a sake ɗauka, domin hasken gefe ne ke fito da wuraren da suka kumbura ko suka ɗaga. Gutsattsarin da suka zubo a tattara su a ambulan, a rubuta daga inda kowanne ya fito. Ana ɗaukar firam da hannu biyu ta gefe da gefe, da safar hannu ta roba, ba a ɗaga shi ta sandar sama, ba a kuma jingine shi a kan adonsa.

Yadda aka gina firam ɗin

Ba za ka fahimci abin da ke ɓarewa ba sai ka san jerin abin da ke ƙarƙashin zinariyar. Can ƙasa katako ne. A kansa an shafa gam ɗin fatar zomo mai ruwa-ruwa. Sai jeso, wato farin alli da aka kwaɓa da wannan gam, shafi a kan shafi, sau da yawa 6 zuwa 12, a goge ya yi sumul. A arewacin Turai alli ake sawa, a Italiya kuwa jifsam, wato farin dutsen da ake yin filasta da shi. A kan jeso sai yumɓu mai laushi, galibi ja a wuraren da suka fito, rawaya a cikin kwarin ado. A kan yumɓun ne ake shimfiɗa ganyen zinariya, wanda kaurinsa bai wuce kusan kashi 1 cikin 10,000 na milimita ba. Goga ɗaya mai ƙarfi da tsumma ta isa ta ɗauke shi.

Hanyar liƙa ganyen iri biyu ce, kuma bambancinsu ne ke yanke hukuncin abin da zai iya taɓa firam. A liƙin ruwa, ana jiƙa yumɓun ne gam ɗin da ke cikinsa ya farka ya kama ganyen, in ya bushe a murza da dutsen aget har ya yi ƙyalli kamar madubi. A liƙin mai, ana shafa wani mai mai danƙo, a jira ya kusa bushewa, a ɗora ganyen. Wannan ba ya murzuwa, haskensa a kwance yake. Ruwa na narkar da na farko nan take. Sinadaran narkar da fenti kuma na cin na biyu. Matsalar ita ce firam guda kan haɗa duka biyun, wurare masu ƙyalli na ruwa, sauran na mai. Shi ya sa babu wani ruwan wanki guda da za a ce ya dace da firam gaba ɗaya.

Ka duba da kyau ko akwai siraran layuka da suka gitta sandar firam kusan kowace santimita 8. Nan ne ganye ya hau kan ganye, alama ce ta zinariyar ganye ta gaske. Jan da ke leƙowa a wuraren da suka goge yumɓu ne, ba datti ba ne, kuma masana na ɗaukar wannan gogewar a matsayin kyan tsufa. In kuwa ka ga launi ya dushe ya koma ƙasa-ƙasa ko kore-kore, da sawun burushi, ya cike ƙananan ramukan ado, to wani ya riga ka da fentin garin tagulla. Akwai kuma firam da aka yi da ganyen tagulla, ko ganyen azurfa da aka shafa wa banish mai ruwan ɗorawa don ya yi kamar zinariya. A irin wannan na ƙarshe, wanda ya goge banish ɗin da sifirit zai wayi gari da farin firam, bayan ɗan lokaci kuma azurfar ta yi baƙi.

Sai adon da ya karye. Kalli bakin karayar. In ka ga zaren itace, sassaƙa ce. In fari ne fat mai gari, filasta ce. In kuwa abu ne mai tauri launin ƙasa-ƙasa, kompo ne: haɗin alli da gam ɗin fata da man linsid da ƙaron itace, wanda ake dannawa cikin zubi yana da ɗumi a manna a katako. Ya yaɗu daga ƙarshen ƙarni na 18, kuma yawancin firam masu ado na ƙarni na 19 da shi aka yi su. Kompo na ƙanƙancewa da shekaru, sai ya tsattsage a gicciye, tazara kusan daidai. Waɗannan tsage ba a cike su in ba su motsi. Halinsa ke nan.

Me ke sa jeso ɓarewa? Katako na kumbura da danshi ya tsuke da bushewa, kuma ta faɗinsa yake yin haka. Jeso ba ya iya bin sa. Yau da gobe sai gam ɗin da ke tsakaninsu ya gaji, jeson ya ɗaga kamar ɗan tanti, ya faɗo da zinariyarsa. Firam da aka rataye kusa da abin ɗumama ɗaki ko a gaban na'urar sanyaya ɗaki ko a bangon da ke tsattsafo da laima shi ya fi saurin kamuwa.

Abin da za ka iya yi da kanka kaɗan ne: kaɗe ƙura da burushi mai laushi ƙwarai, irin na gashin akuya, kana kora ta zuwa bakin injin zuƙar ƙura da aka rufe da ƙyalle mai raga, bakin kuma kada ya taɓa firam. Inda jeso ya ɗaga, ko burushin ma kada ya je. Ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da man goge kayan ɗaki, ban da maganin goge ƙarfe. Garin gyaran gira ake rasa ido, kuma da yawa daga cikin firam da ke zuwa wurin masu gyara a lalace, tsafta ce ta lalata su.

Sauran aikin na masanin gyaran kayan tarihi ne, amma yana da kyau ka san yadda yake tafiya don ka gane ko wanda ka ba ya san hannunsa. Zai fara da kafe abin da ya ɗaga kafin ya share komai. Yakan jiƙa gam ɗin fatar zomo ya kwana, kimanin kashi 1 na gam cikin 20 na ruwa, ya narkar da shi a kwano cikin ruwan zafi ba tare da ya wuce digiri 60 ba, domin tafasa na kashe ƙarfinsa. Sai ya ɗiga itanol kaɗan a bakin tsagar don gam ɗin ya samu shiga, ya bi da gam ta bakin siririn burushi, ya kwantar da ɓawon a hankali ta bayan takarda marar kamawa, ya ɗora ɗan nauyi har ya bushe. In gam ya yi kauri, shi da kansa zai tsuke ya ƙara jan jeson. In ya malalo kan zinariyar liƙin ruwa aka goge, zinariyar ta tafi.

Yankin adon da ya ɓata kuwa, ana ɗaukar zubinsa ne daga takwaransa da ke lafiya a wata kusurwar, da roban silikon irin na likitocin haƙori, a zuba sabo, a daidaita shi, a manna da gam mai warwaruwa. Sabon kaɗai ake yi wa jeso da yumɓu da zinariya, sannan a rage masa haske ya saje da tsohon. A nan ne ake jayayya a tarukan masu sana'ar. Masu sayar da kayan ado sun fi son a sake wa firam zinariya gaba ɗaya ya yi sheƙi, masu gidajen tarihi kuwa na cewa a tsaya a inda ya ɓata. Ra'ayinmu na tare da na biyu: firam da ya rage da ko rabin zinariyarsa ta asali ya fi wanda aka sake lulluɓewa, a ido da kuma a daraja. Fentin gwal da aka fesa kuwa a iya cire shi wani lokaci, amma aiki ne na kwanaki da auduga a tsinke, kuma in zinariyar ƙasa ta liƙin mai ce, da wuya ta fita lafiya.

Kafin ka wuce, duba bayan katakon ko akwai ƙananan huji masu faɗin milimita 1 zuwa 2. Tsofaffin huji bakinsu ya yi duhu. In bakin fari ne kuma gari mai haske na zubowa a kan takardar da ka shimfiɗa a ƙasa, ƙwaron na nan da rai. A naɗe firam a leda a raba shi da sauran kayan katako. Maganin da ya fi aminci shi ne a rufe shi a jakar da aka cire wa iskar oksijin na tsawon makonni 3 ko fiye. Maganin ƙwari na feshi na ɓata zinariya, kuma ba ya kai wa ga tsutsar da ke can ciki.

Zanen takardar

Jan da ka gani a gefe kusan tabbas ƙunar asid ce. Tsohon kwalin taga (kwalin da aka yanke wa taga a tsakiya don ya kewaye zanen) na garin itace na ɗauke da lignin, wani sinadari na cikin itace, wanda ke ruɓewa ya saki asid, sai ya bar layi mai launin ƙasa daidai bakin tagar kwalin. In bayan firam da fallen katako aka rufe shi, har sawun ƙullin itacen kan fito a takardar. Ƙananan ɗigo-ɗigo ja kuwa na da nasaba da danshi da fumfuna da ƙwayoyin ƙarfe da ke cikin takarda. Canza kwali zai tsayar da ƙunar, amma ba zai goge wadda ta riga ta faru ba. Wanke takarda ko rage mata tabo aikin masanin takarda ne, kuma mai firam na kirki zai gaya maka haka da bakinsa.

Wajen buɗewa, a kifa firam a kan matasai masu laushi da suka tokare wuraren da ba ado. A sa ɗan kwali tsakanin filaya da bayan zanen, a zare kowace ƙusa ta hanyar da ta shiga. In takarda ko hoto ya manne da gilashi, a tsaya nan, a kai su tare yadda suke. In an taɓa manne zanen gaba ɗaya a kwali, ko da salatif, shi ma kada a ɓamɓare.

Sabon shiri daga gaba zuwa baya shi ne: gilashi, kwalin taga, zane, kwalin da zanen ke rataye a kai, sai murfin baya. Kwalayen biyu da ke taɓa zanen su kasance na auduga zalla, ko na ɓargon itace da aka cire wa lignin, masu ɗan alli a ciki da ke tare asid. Rubutun "marar asid" kaɗai a jikin kwali bai isa ba, domin akwai wanda fatarsa ce kawai mai kyau, cikinsa garin itace ne; in bakin yankan ya koma rawaya bayan 'yan shekaru, shi ne. Kauri aƙalla milimita 1.5, in takardar ta yi tudu da kwari a ninka zuwa 3. Siliki da ulu da hotunan shuɗi na sayanotayif ba sa son alli, su kwali marar alli ake sa musu. Na hotunan kyamara kuma a nemi wanda ya ci gwajin PAT, wato gwajin da ke nuna ko kwali zai cutar da hoto.

Yadda ake riƙe zanen shi ne inda aka fi yin kuskure. Takarda na numfashi da danshin iska, tana faɗaɗa tana tsukewa. In aka liƙe ta ta gefe huɗu, ba ta da wurin zuwa, sai ta yi ƙunci ko ta yage. Ana rataye ta ne ta sama kawai, da maratayai na takardar Japan ta kozo da kullun sitacin alkama. Kullun: awo 1 na sitaci, awo 5 na tataccen ruwa, a dafa a kwano cikin ruwan zafi ana juyawa minti 20 zuwa 30 har ya yi kauri ya koma garai-garai, a bar shi ya huce, a tace ta rariya mai laushi, a sassauta da ruwa kaɗan-kaɗan. Kwana kaɗan yake yi ko a firiji. Da ya fara tsami ko tsinkewa a zubar.

Maratayin ba a yanka shi da almakashi. Ana ja layi da jiƙaƙƙen burushi a yage, don bakinsa ya yi gashi-gashi kada ya bar sawu ta gaba. Ga takarda mai faɗin santimita 40 zuwa 50, biyu sun isa, kowanne faɗin santimita 2, a ɗan shigo da su daga kusurwa. Milimita 5 kawai na maratayin zai hau bayan zanen. A shafa kullu siriri, a jira sheƙin ruwan ya dushe, a ɗora, a rufe da ƙyallen foliyesta marar kamawa da takardar shan ruwa da nauyi, a canza takardar shan ruwan bayan 'yan mintoci, a bar shi aƙalla rabin awa. Kullu mai ruwa da yawa shi ke sa takarda ta tattare a wurin. Daga nan sai a gitta wani yanki a kan jelar maratayin a manne shi da kwalin baya, ba da kwalin taga ba. Maratayin ya fi takardar zanen rauni da gangan: in firam ya faɗo, shi ake so ya tsinke.

Gilashi kada ya taɓa zane ko kaɗan, domin a jikinsa raɓa ke taruwa. Tazarar milimita 3 ta wadatar, zanen fastel (allin zane mai launi) da na gawayi a ba su 6. A sa gilashi mai tare hasken UV, wato hasken da ido ba ya gani amma yake cin launi, nagarinsa na tare kusan kashi 99 cikin 100. Amma kada wannan ya ruɗe ka: hasken da ido ke gani ma na cin launi, ɓarnarsa taruwa take yi, kuma ba ta dawowa. Gidajen tarihi na nuna fentin ruwa a hasken lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), fentin mai kuma wajen 200. Akirilik, wato roba mai kama da gilashi, ya fi gilashi sauƙi kuma ba ya tarwatsewa, sai dai yana jan gari, don haka ba a sa shi a kan fastel ko gawayi sai irin wanda aka yi musamman don hana hakan.

Gurbin da ke bayan tsohon firam, inda kayan za su zauna, a lulluɓe shi da tef mai fallen alminiyam, domin katako na fitar da tururin asid, itacen oak na cikin waɗanda suka fi fitarwa. A bar sararin milimita 2 zuwa 3 kewaye. Sau da yawa sabon shirin ya fi gurbin kauri. Ba a faɗaɗa gurbin da kurfi ko inji. Ana ɗora wasu sandunan katako a bayan firam da sukurori don a ƙara zurfi, a shafa musu launi mai duhu. Tsohon kwali ko murfin da ke da rubutu a sa shi a aljihun foliyesta a maƙala a baya.

Na fentin man

Girgiɗin da yake yi na goge bakin fentin a jikin leɓen firam. A manna siririn ƙyallen felti a leɓen, a tsayar da zanen a tsakiya da 'yan guntayen kok (ɓawon itace mai laushi da ake toshe bakin kwalaba da shi) ko itacen balsa a gefe, sannan a riƙe shi da lanƙwasassun faranta na tagulla waɗanda aka ɗaure da sukurori a jikin firam kaɗai, suna danna katakon kanbas ba tare da sun huda shi ba. 'Yan tsinken da ke kusurwoyin katakon kanbas a ɗaure su da zare, domin in ɗaya ya faɗa tsakanin katako da ƙyalle zai turo ƙulli ta gaba; kada kuma a buga su don a ɗame kanbas in fentin ya tsattsage. A rufe baya da allon roba mai fuska biyu, wanda ramukansa a tsakiya suke, ba su huda fuskarsa ba. Tsohuwar maganar cewa kanbas na bukatar shan iska ta baya an bar ta: murfin na tare ƙura da bugu, yana kuma rage saurin canjin danshi. In zanen a kan allon katako yake, a riƙe shi a tsakiyar ɓangarorin da zaren itacen ya ƙare, a bar masa sarari ta faɗi, in ba haka ba zai tsage. Sa wa fentin mai gilashi kuwa abu ne da ake saɓani a kai, amma gidajen tarihi da yawa na yi da gilashi marar ƙyalli, da tazara tsakani.

Wajen ratayewa, a cire tsofaffin ƙusoshi masu zobe. A sa zobba masu siffar D a sandunan gefe, a fara huda ƙaramin rami kafin sukuru, a tabbatar katakon wurin ba ci ne da ƙwaro ba. Firam mai nauyi a rataye shi kai tsaye a ƙugiya biyu. Waya guda na jan sandunan gefe ciki, tana buɗe kusurwoyi. A manna 'yan robobi a kusurwoyin ƙasa ta baya don iska ta riƙa wucewa. Bangon ya zama na cikin gida, nesa da rana da murhu da banɗaki, danshin ɗakin tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100 ba tare da hawa da sauka na gaggawa ba. In ya daɗe sama da 65, fumfuna za ta fara. Ƙaramin ma'aunin danshi a ɗakin zai nuna maka halin da ake ciki.

Duk wanda za ka ba aikin, ka nemi ya rubuta maka abin da ya gani da abin da zai yi da sunan kowane gam da kwali da gilashi kafin ya fara, ya kuma dawo maka da duk abin da ya cire, har tsofaffin ƙusoshi da gilashin in mai ɗan lanƙwasa ne irin na da.